Buhu Bakwai na Jar Dawa

Ƙarfe biyar da rabi na safiyar Asabar, ashirin da bakwai ga Mayu, 'yata Rena ta tsayar da a-kori-kurarta a ƙofar gidanmu, ta shigo ɗakin girki ba ta ƙwanƙwasa ba, kamar kullum. Shekarunta talatin da shida. Gidanta na gefen gona, rabin mil daga namu, kusa da kejin salwar da take kiwo, amma ba ta dafa kofi a can. Ta ce na uwarta ya fi ɗaci.

Sa'o'in da zan kawo ba daga ka nake faɗinsu ba. Likitar da ta binciki gawarta ce ta ce in rubuta mata duk abin da Rena ta ci, ta taɓa ko ta shaƙa a ranar, sa'a bayan sa'a. Na rubuta shafi huɗu. Lokacin da nake rubutun na gama yarda a raina cewa ni ne na kashe ta, da dawar da na niƙa wa tsuntsayenta, kuma abin da nake jira daga likitar shi ne ta ce e ko a'a.

"Mama, kin ga ƙafafun mijinki?" in ji Rena, tana zuba kofi. "Safa ɗaya ja, ɗaya kore. Kirsimeti ya zo da wuri bana."

Berna, matata, ba ta ko juyo daga murhu ba. "Shekara arba'in da ɗaya ina ɗaure masa su biyu-biyu. Shi yake kwancewa."

"Duk launi ɗaya ne," na ce.

"A idonka, Baba."

Gaskiya ta faɗa. Tun haihuwa idona ba ya raba ja da kore, ba ya raba ja da ruwan ƙasa. Shekara talatin da ɗaya na koyar da noma a makarantar sakandaren garinmu, kuma duk ajin da ya zo sai ya gwada ni da alli mai launi. A gida ma abin dariya ne kawai.

Ƙarfe shida muka tsaya a turken shinge na uku, wajen kiwon shanu. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli, Rena kan tsaya nan minti goma ta ƙirga mazan salwar daji da ke yin fito. Ranar mun ji uku. Ta rubuta a littafinta, ta ce lokacin tana 'yar shekara goma mun taɓa jin ashirin da biyu a wannan turken. Na ce sha tara ne. Ta ce za ta duba tsofaffin takarduna ta kunyata ni.

Daga bakwai zuwa tara tana keji. Salwa ɗari huɗu take da su na haihuwa, mata uku ga namiji ɗaya. Ƙwansu take ƙyanƙyashewa, ta raini 'yan tsakin su yi fiffike, a watan Oktoba ta sayar wa masu horar da karnukan farauta. Ni ina riƙe mata tire, ita tana tsintar ƙwai. Ta ɗago gawar matan salwa biyu. Ta nuna mini wasu da suka kumbura gashi suka lumshe ido a kusurwa, ta bugi wayar kejin da hannu, ba su tashi ba.

"Dubi wannan," ta ce. Ta matsa ƙwai a hankali tsakanin yatsu biyu, ya fashe. "Kamar takarda. Bara sai na buga shi da cokali."

Ƙarfe tara muka shiga ɗakin injin ƙyanƙyasa. Zubi na uku ne ya fito a daren jiya: ƙwai ɗari uku, 'yan tsaki saba'in da ɗaya, sha huɗu daga ciki ƙafafunsu a karkace. Bara a ɗari uku takan sami ɗari biyu da hamsin. Ta haska sauran da tocila ɗaya bayan ɗaya. Wasu babu komai a ciki, wasu ɗan tsakon ya fara ya tsaya. Ma'aunin zafi uku ta rataye a cikin injin, duk abu ɗaya suke nunawa, amma ita ta dage injin ne, ko danshi, ko hannunta.

"Wani abu nake yi ba daidai ba, Baba, kuma ban san mene ne ba."

"Kin canza abinci?"

"Kai ke niƙa shi. Ka canza?"

"Masara, waken suya, dawa. Yadda kika rubuta mini."

Ƙarfe goma muka yi niƙan abincin tsuntsaye a sitona. Wannan aikina ne duk Asabar, kuma ni kaɗai nake yinsa, amma a makon kafaɗata ta hana ni ɗaga buhu mai nauyi. Na riga na juye hatsin a mazubin injin da bokiti kafin ta iso. Ita ta tsaya a bakin da garin ke fitowa, tana riƙe buhu. Nan ne ƙura ta fi yawa. Takunkumi ɗaya ne a siton. Na miƙa mata.

"Ka sa abinka, tsoho. Ni ba na tari kamar tsohuwar tarakta."

Na sa. Minti arba'in tana cikin ƙurar. Da muka gama girarta ta yi fari, ta yi atishawa sau uku, ta wanke fuska a famfo.

Ƙarfe sha biyu da rabi Berna ta ba mu tsiran alade da dankali da kabeji. Rena ta ci rabi, ta ce kanta na sara mata a bayan ido. Ta sha ƙwaya biyu. Ƙarfe biyu wani mai karnuka ya bugo mata waya daga jihar Oklahoma yana son tsuntsu ɗari shida a kaka. Na ji ta ce masa ba za ta yi alkawarin abin da bai fito daga ƙwai ba. Ƙarfe uku ta kwanta a doguwar kujerarmu, abin da ba ta yi da rana. Ƙarfe biyar saura kwata ta tashi, ta ce da sauƙi, ta tafi ba tsuntsaye ruwa.

Ƙarfe shida saura ashirin Berna ta kai mata sauran abincin, ta same ta kwance a gefen tankin ruwa, tiyo na zuba. Motar asibiti ta ɗauki minti talatin da biyar kafin ta iso. Ba ta farka ba.

Ita kaɗai muka haifa. Tana 'yar shekara shida ta koyi fito irin na salwa, har namiji ya baro ciyawa ya zo neman abokin faɗa, ya tarar da yarinya a kan shinge. A makaranta ta zauna a ajina shekara biyu, tana kira na Malam Kubena kamar kowa, kuma ba ta taɓa barin kuskurena a allo ya wuce ba. Ta yi karatu, ta tafi birnin Fort Worth, ta yi shekara tara a ofishin inshora. Ta yi aure, auren ya mutu ba hayaniya. Ta dawo gida da akwati biyu da ƙwan salwa hamsin a kwali, ta ɗaure kwalin da bel a kujerar gaba.

Ba ta da haƙuri da mutane. A coci takan zauna kusa da ƙofa don ta fita kafin a fara gaishe-gaishe. Amma na ga ta kwashe sa'a guda tana ɗaure ƙafar ɗan tsako da zare da tsinken ashana. Mun fi shekara goma muna musu a kan feshi. Ni na koyar da shi, na koya wa yara yadda ake auna maganin ƙwari a tanki, kuma na ga gonar auduga da aka bari ba feshi, na san abin da ke faruwa da mai ita. Ita kuma takan ce ɗan tsakon salwa a makonninsa na farko ƙwari yake ci, in ka share ƙwarin ka share masa tukunya, ban da abin da uwar ke tsinta a bakin gona. Ni in ce ta kawo lissafi. Ita ta ce in ba ta shekara goma. Littattafanta na ƙirga sun kai sha ɗaya.

Kwana uku da rasuwarta likitar ta bugo daga birni ta ce jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa, cikakken rahoto sai nan gaba. Muka binne ta ranar Laraba. Maƙwabta suka cika mana firji da abinci, wani kuma ya sauke buhunan abincin tsuntsu na kanti a bakin keji, don haka Asabar ɗin da ta biyo ban yi niƙa ba.

Ranar takwas ga Yuni aka wayi gari da ruwan sama mai kyau. Wajen ƙarfe goma sai ga Hollis Tackett, maƙwabcinmu na gabas, wanda muka taso tare. Ya cire hula ya gaida Berna, ya zauna ya sha kofi, ya yi ta juya kofin a hannu.

"Farfesa," ya ce, don haka yake kira na tun da na tafi jami'a shi ya tsaya a gona, "ban so in dame ka ba, amma ƙasa ta jiƙe. Zan ɗauki irina."

"Wane iri?"

"Dawata mana. Wadda na ajiye a sitonka bara, da iska ta yaye mini rufi. Buhu bakwai. Ka manta? Tsufa ya fara cin digirin?"

Ban manta ya ajiye kaya ba. Na tuna ya kawo taya, da injin walda, da buhuna. A nan ba wanda ke yar da buhu. In ya ƙare a kakkaɓe shi a ninke. Bara fari ya hana Hollis gama shuka, sai ya juye sauran irin daga babbar jakar kamfani zuwa tsofaffin buhunan abincin kaji, ya ɗaure bakinsu da igiya. A tsakiyar Fabrairu dawar da nake niƙa wa Rena ta kusa ƙarewa. Na ga buhunan abincin kaji a kusurwar sitona, na buɗe, na ga jar dawa, na ɗauka cikin tawa ce da na manta. Rabin buhu duk Asabar.

Muka je siton. Buhu shida a ninke a kan ƙusa, na bakwai saura rabi. Hollis ya zura hannu ya ɗebo, ya duba tafinsa, ya dube ni, ya kira ni da sunana.

"Emil. Wannan mai magani ne."

Irin shuka akan shafe shi da maganin ƙwari tun daga kamfani, a rina shi da launi mai ƙarfi don kada mutum ko dabba ya ci. Na koyar da wannan sau talatin da ɗaya. Ina ma da tambaya a kai a jarrabawar zango na biyu.

Na ɗebi cikin hannu na shiga gida. Berna na wanke kofuna.

"Wane launi ne wannan?"

"Ja-ja ne, kamar jan baki. Me ya sa?" Ta goge hannu. "Wannan ai irin shuka ne. Ka wanke hannunka."

Na gaya mata duka, a tsaye: Fabrairu, rabin buhu, Asabar goma sha biyar ban da biyu da na yi amfani da ragowar tawa, ƙwan da ke fashewa, ƙurar, takunkumin da ke fuskata. Ta saurara har na gama. Ta ɗauko kwano ta sa na zuba dawar a ciki, ta buɗe famfo, ta riƙe hannuna a ƙarƙashin ruwan ta wanke da sabulu kamar na yaro.

"Ka kira likitar," ta ce. "Yanzu, kafin ka zauna."

Hollis ya koma gida ya kawo takardar da ke ɗinke a bakin jakar kamfanin. Na karanta wa likitar sunan maganin harafi-harafi. Ta ce akwai jinin Rena a ajiye, za ta aika shi wani ɗakin gwaje-gwaje da ke iya neman wannan maganin, kuma za ta sake duba jijiyar da ta fashe. Mako shida zuwa takwas. Na tambaye ta ko zai iya jawo irin wannan zubar jini.

"Malam Kubena, ban san shi da haka ba. Amma ba zan gaya maka abin da ban auna ba. Ka rubuta mini ranar, sa'a bayan sa'a."

Da ta ce mini kada in damu, da ban yarda da ita ba. Wannan amsar na iya zama da ita.

Makonnin da suka biyo ba ni da abin faɗa da yawa a kansu. Na rame kilo shida. Na karanta duk abin da na samu a kan maganin, kuma kowace takarda ta ba ni abin da na je nema: in na shiga da tsoro in fito da tsoro. Hollis ya daina zuwa. A shagon kofi da ke kusa da injin gurzar auduga, inda muke zama da safe shekara da shekaru, aka ce mini in ya hango motata sai ya wuce. Berna ba ta ɗora mini laifi ba, ba ta kuma ce ba laifina ba ne. Sau ɗaya, muna cin abincin rana, ta ce, "Ko me ta ce, nan za ka ci abincin dare." Ba mu taɓa komai a gidan Rena ba. Na kulle shi, don ina ganin wataƙila wani zai zo ya buƙaci ya duba.

Tsuntsayen kuwa ba su san an yi rasuwa ba, sai an ba su ruwa. Na wanke kwanukan abincinsu da ruwan zafi, na wanke injin niƙa, na kwashe ƙasar keji ta sama. Na ɗauki littafinta na sha ɗaya na ci gaba daga inda ta tsaya. A makon farko na Yuni mata biyar suka mutu, a na biyu ɗaya, daga nan babu. Waɗanda ke lumshe ido a kusurwa suka fara tashi in na bugi wayar kejin. Nakan auna matan salwa ashirin duk Litinin a sikelin girki na Berna, nauyinsu na hawa kaɗan-kaɗan. Ƙwan da suka yi a watan Yuni duk na binne. Ranar ɗaya ga Yuli na zuba ɗari uku a injin, injin nan da ta zarga, ban taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Kwana ashirin da uku ne. Ranar ashirin da huɗu ga Yuli aka sami ɗari biyu da ashirin da tara, uku kaɗai masu karkatacciyar ƙafa.

Ba na cewa wannan hujja ce da za a kai gaban masana. Keji ɗaya ne, shekara ɗaya, kuma ban ware wasu na ci gaba da ba su dawar don kwatantawa ba. Ba zan iya ba. Amma ni na gamsu. Injin lafiyarsa lau, hannunta ma haka. Na tsaya a ɗakin ina jin kukan 'yan tsakin, ina tunanin in abin da na niƙa ya yi wa tsuntsu haka, me ya yi wa wadda ta shaƙe shi minti arba'in. Ranar ce mafi muni a cikin makonnin bakwai.

Ranar Alhamis, ashirin da bakwai ga Yuli, ƙarfe sha ɗaya da minti goma na safe, likitar ta bugo. Berna ta ɗauki ɗaya wayar a ɗakin kwana.

Ta ce an nemi maganin a jinin ba a same shi ba, ko a mafi ƙanƙantar abin da na'urar ke iya gani. Ta ce ta yanka jijiyar ta duba: akwai wani wuri da bangonta ya yi siriri ya kumbura, kamar tayar keke da ta yi ƙari a gefe guda, kuma yanayin naman wurin ya nuna ya yi shekaru a haka. Ta ce ta karanta shafukana huɗu sau biyu, ta kuma nuna wa wani abokin aikinta da ya ƙware a kan guba.

"Ba dawar ba ce," ta ce. "Ko tana coci, ko tana wanka, da wurin ya fashe."

"Atishawar fa? Ta yi sau uku. Ta ɗaga buhuna kuma."

"Malam Kubena, ka tambaye ni a kan maganin, na auna, na ba ka amsa. Mutum na atishawa kullum. Kada ka nemo wani abin."

"Ya ji," in ji Berna daga ɗaya wayar. "Mun gode, likita."

Na ajiye wayar na zauna. Na san 'yata ba ta dawo ba. Amma a karon farko tun takwas ga Yuni na iya tuna fuskarta da farar gira ba tare da na ga hannuna a kan bokiti ba. Sai a ranar na yi kukanta yadda uba ke yi, don kafin nan ina ganin ban da izini. Berna ta fito ta zauna kusa da ni. Can ta ce akwai sauran naman jiya. Na ci faranti biyu, na yi barci daga ɗaya zuwa huɗu.

Da na tashi na tuƙa zuwa gonar Hollis. Yana ƙarƙashin tarakta, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

"Fito, tsohon banza. Ka gaji da ɓuya?"

Ya fito a hankali, da sifana a hannu. Ya tsufa a mako bakwai fiye da ni.

"Ba ita ba ce," na ce. "Likita ta auna. Jijiya ce, tun da daɗewa."

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da taya, ya rufe fuska da hula. Na bar shi. Da ya cire hular ya ce, "Da na rubuta a jikin buhun. Alli kawai, Emil. Kalma biyu."

"Da na tambaya."

"Wa ke ajiye kaya mai launi wajen makaho, in ba jaki ba?"

"Wa ya ce maka ni makaho ne? Ina ganin ka ɗaura belin nan a baibai."

Ya leƙa ƙarƙashin taraktar. "Ka je jami'a shekara huɗu don ka zo ka gaya mini wannan?"

Washegari ya zo shan kofi, ya kawo kankana.

A watan Agusta muka buɗe gidan Rena. Kwana uku muka yi. Tufafinta Berna ta wanke ta ninke ta kai wa matan coci, ban da rigar sanyi guda da ta riƙe. Kayan girki ba su da yawa: tukunya biyu, cokula, kofuna tara duk na kyauta daga kamfanonin abincin dabbobi. Motar muka ba 'yar ƙanwar Berna da ke koyon aikin jinya a Abilene.

A firizarta, ƙarƙashin kajin da ta yanka, muka tarar da ledoji arba'in da shida: ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba, 'yan tsakin da suka mutu, matan da ta tsinta a keji, kowace leda da kwanan wata da lambar keji. Ba ta gaya wa kowa ba. Na rubuta wa sashen da ke nazarin salwa a wata jami'a, na faɗi abin da ya faru ba tare da na rage nawa ba. Mata biyu suka zo da akwatin ƙanƙara, suka ɗauki ledojin da sauran dawar, suka ɗauki hoton littattafan sha ɗaya shafi-shafi. Babbar ta ce ba za ta yi alkawarin abin da za su gano ba, amma ba ta taɓa ganin mai kiwo da ya rubuta kamar haka ba. Littattafan suna wurina.

'Yan tsakin Yuli na raine su, mai karnukan Oklahoma ya zo ya ɗauka a Oktoba, na gaya masa tarihin iyayensu kafin ya loda. Manyan, waɗanda suka ci dawar, ban yarda a sake su a daji ko a kai su tukunya ba. Suna nan a keji biyu, ina ba su abinci har su ƙare kwanansu. Injin ƙyanƙyasa na kai makarantar da na koyar, da ma'aunan zafi ukun.

A ƙarƙashin gadonta akwai jita a cikin jakarta, sabuwa, da littafin koyon kiɗa na masu farawa, an naɗe kusurwar shafi na sha huɗu. Ni da Berna ba mu san tana da ita ba, ba kuma wanda ya taɓa jin tana kaɗawa. Fada, limamin cocinmu, ya ce yaran ƙungiyar waƙa za su so ta. Berna ta ce to, za ta kai ranar Lahadi. An yi Lahadi goma sha tara tun daga nan, jitar na bayan ƙofar ɗakin baƙi.